Tura Ɗalibai Ƙauye da Shekarar Sanƙarau

Kwanan baya wasu matasa biyu da ke aiki a ofishin harkokin ɗalibai suka zo gaishe ni a gida. Muna cikin hira sai ɗayansu ya tambaye ni wane aiki na riƙe kafin in yi ritaya. Na ce ni ne mai tura ɗalibai aikin gwaji a asibitocin ƙauye. Ya yi murmushi cikin ladabi ya ce, "Baba Ladan, ai wanga aikin rabin yini ne. A jera sunaye nan, a jera garuruwa can, a haɗa." Ban ga laifinsa ba, don ni ma haka na zata ranar da aka ba ni kujerar. Na sa aka dama musu fura, na ce su gyara zama. Abin da na faɗa musu shi ne wannan.

Makarantarmu ƙarama ce, tana bakin hanyar da ta fita daga Jega ta nufi Aliero. Tuni aka haɗe ta da wata babba, sunanta ma ba kowa ke tunawa ba. Ma'aikatan lafiya na matakin farko muke horarwa, irin waɗanda ake kaiwa ƙananan asibitoci su yi awon ciki, su yi rigakafi, su wanke ciwo. Lokacin ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba, komai rabawa ake yi, har kujeru da kabad. Rabon ofishina ya faɗa kan wani tebur mai gurguwar ƙafa da tsohon babur ja. Doka ce kowane ɗalibi, kafin ya kammala, sai ya yi watanni a wani asibiti a ƙarƙashin ma'aikaci, ya taɓa marasa lafiya da hannunsa. Aikina in zaɓa masa wurin, in kai shi, in riƙa leƙa shi, in dawo da shi lafiya.

Rabon farko da na yi, kafin azahar na gama shi. Na ɗauka ina taƙama na kai wa Sista Rifkatu, wadda aka ce in koyi aiki a hannunta. Ungozoma ce, Kirista, daga Filato aka kawo ta aiki tun tana budurwa, ta zauna ƙasarmu har Hausarta ta koma irin tamu. Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa kan suna ɗaya.

"Luba da ka tura Danwarai, ina za ta yi wanka?"

Ina sake duba takardar ta ƙara jefo wata tambaya.

"Wa ka ba ta tuwo? Rijiya na kusa ko sai ta ratsa gonaki? Ɗakin na da ƙyaure?"

Na ce ai an gaya mini akwai ɗakin ɗalibai a bayan asibitin.

Ta cire tabarau ta ce, "An gaya maka. To tashi ka tahi ka gano da idonka, Ladan. Ɗiyar mutane ce, ba buhun gero ba."

Na hau babur na tafi Danwarai. Ɗakin yana nan kamar yadda aka faɗa, sai dai cike yake da albasa har kusa da rufi, don mai gadin asibitin ya ba wani ɗan'uwansa aron wurin. Ƙyauren kuma ba sakata. Na nemi maigari aka ce yana fadama. Can na same shi cikin laka yana ban ruwa. Na tuɓe takalmi na shiga, muka gaisa, muka yi maganar albasa da tsutsar da ta dame su, sai da ya huta sannan na kawo zancen yarinyar. Da muka koma gari ya kai ni gidan yayarsa, wata tsohuwa da ke zaune ita da jikokinta. Ta ce, "A kawo ta. In na ci ta ci." Luba ta yi watanninta a gidan nan, ta fito tana kiran tsohuwar Inna, har bayan ta yi aure ba ta daina kai mata ziyara ba.

Daga ranar na san kayan aikina ba biro da takarda ba ne. Akwai wata jaka ta buhu da nake ɗaurewa a bayan babur da igiyar roba. Cikinta kayan gyaran babur, faci da famfo, sifana, filogi na biyu, gorar ruwa, da ƙullin goro na gaisuwa. Sannan guduma, ƙusoshi, da sakatu sababbi, don na daina jiran kowa ya gyara ƙyauren ɗakin ɗalibata. Ni nake bugawa da hannuna, in sa ta rufe daga ciki in tura in ji. A bangon ofis kuma akwai taswirar da na zana a bayan kwali: hanyoyin rani da jan biro, na damina da shuɗi, don akwai ƙauyen da za ka je da safe cikin sauƙi, ruwa ya sauka, ya zama sai ka zagaya ta wani gari. Na koyi cewa ba a zuwa ƙauye neman magidanta da hantsi lokacin aikin gona, ba a fara magana da ma'aikacin asibiti a tsallake maigari, kuma ba a tambayar ɗalibi yadda yake a gaban wanda ke duba aikinsa. Sai ka ja shi gindin bishiya, ka ce ya raka ka ka duba tayar babur.

Masu hulɗa da ni iri biyu ne, ɗalibai da iyayensu, kuma kusan duk abu ɗaya suke so: a bar su a Jega. A Jega akwai wuta ko da tana ɗaukewa, akwai famfo, akwai kasuwa, ga gida kusa. Yadda muka tarar da abin, wanda ke da mai yi masa magana shi ke zama gari. Lokacin rabo ya matso, sai in fito da safe in ga buhun albasa a jingine a ƙofar ofis, ba a ce daga wa ba, amma kafin la'asar mai shi zai biyo ya gaishe ni. Yaran ƙauye kuwa ba mai tambayarsu, ƙauye ake mayar da su, a ce ai sun saba. Ba wanda ke kiran abin da wani mugun suna, haka ake yi kawai. Sai dai kowa na asara. Ɗan ƙauye zai kammala bai taɓa leƙa madubin gwajin jini ba, ɗan gari kuma zai kammala bai taɓa tsayawa shi kaɗai gaban uwa mai zazzaɓi ba tare da likita a bayansa ba.

Wanda ya canza wannan shi ne Malam Sahabi, sabon shugaban da aka kawo mana. Gajere ne, ba ya ɗaga murya. Abin da muka fara lura da shi, da safe kafin ya shiga ofis sai ya zagaya makewayin ɗalibai, da rana kuma ya ɗauki kwano ya bi layi a ɗakin cin abinci. Masu dafa abinci suka rasa yadda za su yi, miya ta gyaru ba tare da an yi wa kowa faɗa ba. Bayan ya ɗan zauna, ya kira ni da Sista Rifkatu.

"Malam Ladan, su wa ka zuwa ƙauye, su wa ka zama gari?"

Na faɗa masa gaskiya, yadda abin yake. Ya saurara har na gama.

"To daga bana kowane ɗalibi rabi gari, rabi ƙauye. Ba ɗiyan kowa. Ka iya?"

Na ce aikin zai ninku, don kowa sai an nema masa wuri biyu.

Ya ce, "Shi ya sa anka ba ka babur."

Na kawo maganar albasa. Ya yi ɗan tunani, ya ce duk buhun da aka kawo a kai kicin, kuma ranar taron ɗalibai a kira sunan mai shi a gode masa a gaban kowa saboda taimakon makaranta. Haka aka yi. Ɗalibai suka tafa wa mutum biyu ko uku, daga nan albasa ta daina zuwa.

Wanda ya fi jin zafin sabon tsarin shi ne Alhaji Dikko, babban dillalin albasa a Aliero, wanda motocinsa ke lodi zuwa kudu. Ɗansa Atiku na cikin waɗanda na tura ƙauyen Karaye, can cikin ƙasar Maiyama. Alhaji ya zo da kansa. Malam Sahabi ya taso ya tarbe shi tun daga ƙofa, ya ba shi kujerarsa, ya sa aka kawo ruwa.

Alhaji ya ce, "Malam, yaron nan bai taɓa kwana inda babu hwanka ba. Uwarsa ba ta barci tun da ta ji."

Malam Sahabi ya ce, "Alhaji, ɗanka ɗana ne. Abin da zan yi wa nawa shi na yi mai. Ga Malam Ladan nan, ya ga ɗakin, ya sha ruwan rijiyar. In wani abu ya taɓa Atiku, ni za ka tambaya."

Alhaji ya tashi ba da jin daɗi ba, amma ya yi sallama yadda ya kamata.

Haɗa ɗalibai biyu a wuri ɗaya shi ne inda gwanintar aikin take. Ba a haɗa 'yan gari ɗaya, don za su ware kansu. Ba a haɗa masu surutu biyu, ba a haɗa masu kunya biyu. Atiku baki gare shi, ya san maganar manoma tun yana bin mahaifinsa kasuwa, amma littafi ba ya zama a hannunsa. Sai na haɗa shi da Yohanna, ɗan wani akawu a ofishin ƙaramar hukuma a Maiyama, baƙi ne da aiki ya kawo. Yohanna shiru-shiru ne, hannunsa ba ya rawa wajen allura, sai dai in tsohuwar ƙauye ta yi masa magana da sauri sai ya tsaya yana kallonta. Na kuma lissafa cewa Atiku na da babur, ranar Lahadi zai iya sauke Yohanna a Maiyama ya je coci ya ga iyayensa.

Zuwana na farko na tarar sun raba ɗakin da layin alli, kowa na dafa nasa. Na sha ruwa na tafi. Zuwana na biyu na same su gindin wata tsamiya, an rataye sikeli a reshe. Yohanna na auna jarirai yana rubutawa, Atiku na tsaye yana yi wa iyaye mata bayanin ruwan gishiri da sukari, yana ba su dariya. Matan Karaye sun riga sun raɗa musu suna, Baki da Hannu. Layin allin kuwa ƙafa ta share shi.

Cikin wannan zangon ne muguwar shekarar ta same mu. Bazara ta yi zafi irin wanda ba a saba ba, sai sanƙarau ya ɓulla. Da farko labari muke ji daga nesa, kafin a ankara ya shigo ƙauyukanmu. Yara ne suka fi kamuwa, wuya ya sanƙare, zazzaɓi ya hau, wani kafin a kai shi asibiti ya cika. Ɗalibanmu kuwa rabinsu na can cikin ƙauyukan.

Motoci suka fara tsayawa a harabar makaranta. Iyaye ne, kowa na so a dawo masa da nasa. Malam Sahabi ya tara malamai. Wasu suka ce a dawo da waɗanda iyayensu suka nema, a huta da rigima. Wasu suka ce ba wanda zai dawo, ai aikin ke nan da suka zo koya. Ya bar kowa ya faɗi tasa, sannan ya nuna taga.

"Ku dibi waje. Waɗanda iyayensu ke da mota su anka zo wa. Kulu da ke Danwarai, mijinta manomi ne, jaki gare shi, bai ma san ana zuwa a roƙa ba. In mun dawo da waɗanga mun bar ta, mi munka koya musu?"

Abin da ya yanke shi ne, a yi wa kowane ɗalibi rigakafi a inda yake. Sannan a tambayi kowa shi kaɗai, zai zauna ko zai dawo, kuma duk abin da ya zaɓa ba za a rage masa maki ba. Kowane yanki kuma a tura malami ya tare a can, kada a bar yara su kaɗai. Shi da kansa ya ɗauki tabarma ya koma Maiyama. Ni aka ɗaura wa akwatin sanyi na alluran rigakafi a bayan babur, na shiga zagaye.

Tambayar nan ita ce aiki mafi wuya da na taɓa yi. Ɗan talaka in ka ce masa yana da zaɓi, ba ya yarda; gani yake tarko ne. Na isa Danwarai na sami Kulu, matar aure ce da goyo a baya, tana tafasa allurai. Na yi mata rigakafi, na ja ta gefe na tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina zama, Malam."

Sista Rifkatu ta koya mini cewa in ka yi tambaya irin wannan, ka rufe bakinka, ka nemi abin yi da hannunka. Na ɗauko gorata na sha ruwa, na gyara igiyar akwati. Can na ce, "Kulu, da a ce ba makaranta, ba maki, ba ni, mi za ki yi?"

Ta juyo da jaririyar gaba ta rungume. Ta ce ba don kanta take tsoro ba. Amma in ta koma, za a ce ga shi nan, matan aure ba su iyawa, badi kuma a ƙi ɗaukar wasu.

Na ce, "Shugaba ya ce wanda ya dawo akwai aiki na jiransa a Jega, kuma aikin gwaji ne shi ma. Sista na neman hannu. Ɗauko kayanki."

Na tsayar mata da ɗan kabu-kabu da na sani, na bi su a baya har makaranta. Ta yi sauran zangon tare da Sista Rifkatu suna shirya allurai da magungunan da ake aikawa ƙauyuka, kuma ba wanda ya taɓa jefa mata magana. Wasu sun dawo kamar ita, maza da mata, wasu sun zauna. Ba mu taɓa bayyana wa ya zaɓi me a gaban taro ba.

A Karaye na tambayi kowannensu daban. Yohanna ya ce zai zauna, don ma'aikacin asibitin shi kaɗai ne kuma ya tsufa. Atiku ya ce, "In Hannu na nan, Baki ina za shi?" Washegari Alhaji Dikko ya aiko direba da mota a ɗauko ɗansa ko yana so ko ba ya so. Atiku ya gaishe da direban, ya buɗe ƙofofin motar, ya cika ta da yara marasa lafiya da iyayensu mata, ya ce a kai su babban asibiti a Jega, a gaya wa Baba ya gode, kuma gobe ma a turo ta. Abin da ya ba kowa mamaki, gobe ta dawo. Ta yi ta zuwa har annobar ta lafa.

Rigakafi ba ya kama jiki nan take, sai ya ɗauki kwanaki. Ga alama Yohanna ya riga ya ɗauki cutar kafin in iso da akwatina. Wata safiya Atiku ya lura abokinsa na son sunkuyawa ya wanke fuska ya kasa, kuma yana kare idonsa daga hasken ƙofa. Bai jira kowa ba. Ya karɓi zane a hannun matar maigari, ya ɗora Yohanna a babur, ya ɗaure shi a bayansa kamar goyo, ya kama hanyar Maiyama. Ina can wajen Malam Sahabi ina ba shi rahoto suka iso. Rigar Atiku ta jiƙe sharkaf, hannunsa ya ƙage a kan kan babur sai da muka ɓamɓare yatsun. Nan aka yi wa Yohanna allurar farko, Malam Sahabi ya aika aka kira mahaifin yaron daga ofis, muka wuce da shi Jega.

Yohanna ya tashi, amma cutar ta tafi da jinsa. Kunne ɗaya ya mutu gaba ɗaya, ɗayan sai an yi ƙara sosai yake jin wani abu kamar daga nesa. Mahaifinsa ya zo makaranta, mutum mai natsuwa, ya ce ya zo kwashe kayan yaron ne, ya san karatu ya ƙare. Malam Sahabi ya riƙe hannunsa ya ce, "Mu munka tura shi Karaye. Ba mu sakinsa a hanya. Ka bar kayan inda suke."

A taron malamai an yi gardama mai zafi, kuma masu ja ba mugaye ba ne. Suka ce ma'aikacin lafiya da ba ya jin kukan ƙirji, ba ya jin abin da maras lafiya ke faɗa, haɗari ne ga mutane. A ba shi takardar yabo a sallame shi da mutunci. Malam Sahabi ya ce sun yi gaskiya a wani ɓangare, don haka a zauna a bi aikin ɗaya bayan ɗaya, a ware wanda ke buƙatar kunne da wanda ba ya buƙata. Aka yini ana yi. Rigakafi, ajiyar magani cikin sanyi, awon yara, wanke ciwo, gwajin jini da na fitsari, duk ido ne da hannu. Malam Sahabi ya ce ba za a sauƙaƙa wa Yohanna jarrabawa ko kaɗan ba, sai dai tambayoyin baka a rubuta masa a allo, abin da kuma ba zai iya ba a faɗi gaskiya a rubuce, kada a ɓoye. Ya yi ta kai-kawo zuwa wajen hukuma a Birnin Kebbi har aka amince.

Sauran aikin ɗalibai ne suka yi shi, ba wanda ya sa su. Suka ba shi kujerar gaba. Kulu, da yake ta fi kowa saurin rubutu, ta koma kusa da shi, yana karanta abin da malami ke faɗa daga littafinta. Malamai suka koyi daina magana suna fuskantar allo, don Yohanna ya fara karanta leɓe; sai ga shi na bayan aji ma sun ce yanzu suka fara gane darasi. Atiku kuwa, da ya ga dole ya riƙa maimaita wa abokinsa karatu a hankali, shi ma karatun ya zauna masa, abin da bulalar makarantar firamare ba ta yi ba.

Nawa aikin shi ne nema masa wurin rabinsa na gari. Na zagaya, wasu suka yi mini alkawari na baki, na gane ba su so. Daga ƙarshe na je wajen wani dattijo mai ɗakin gwaje-gwaje a wani asibiti cikin Jega, wanda ɗalibai ke tsoro don ba ya son hira. Na yi masa bayani ina zaɓen kalmomi. Ya ɗago daga madubinsa ya ce, "Ba ya ji, kuma ba ya surutu? Kawo shi gobe. Irinsa nike nema tun da nif fara aiki." Wata bai cika ba ya riƙa barin masa makullin ɗakin.

Ranar yaye su an kafa rumfuna a filin makaranta. Kujerun ma Alhaji Dikko ne ya aiko da su a motar albasa, sai da aka goge su da ruwa. An zaunar da ɗalibai bisa jerin sunaye, don haka Atiku na can gaba, Yohanna na can baya, ba kowa kusa da shi da ya saba taɓa masa kafaɗa. Mu da muka shirya taron ba wanda ya tuna da wannan. Mai sanarwa ya yi ta kira, kowa na fita yana karɓa, har aka zo kansa. Aka kira sunan Yohanna a lasifika. Shi kuwa yana can ya juya yana neman inda mahaifiyarsa ta zauna. Bai motsa ba.

Sai Kulu ta miƙe ta ɗaga farin hankicinta sama tana kaɗawa. Atiku ya miƙe. Kafin mai sanarwa ya sake buɗe baki, ajin gaba ɗaya na tsaye, kowa ya juyo yana fuskantarsa, hannuwa a sama. A rumfar iyaye na hango Alhaji Dikko ya cire hularsa yana kaɗawa, kusa da akawun Maiyama. Yohanna ya waiwayo ya gan su, ya duba bayansa ko wani ake nufi, sannan ya tashi.

Malam Sahabi bai jira shi a kan dandamali ba. Ya sauko da takardar a hannu, ya tare shi a tsakiyar fili, ya tsaya daidai fuskarsa, ya sake faɗin sunansa a hankali, yadda zai gani a leɓensa. Yohanna ya karɓa da hannu biyu. Da yake ba ya jin ƙarfin muryarsa, amsar da ya bayar har masu sayar da ruwa a bakin hanya sun ji ta.

"Na ji, Malam."